Auren 'Yar Dinanat a Saman Bene

A gidanmu na unguwar Hadayek el-Maadi a Alƙahira, in ka hau saman bene ka wuce tankunan ruwa da igiyoyin shanya, akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. Nan Dinanat yake, Ba'indiye ɗaya tilo a tsakiyar Hausawa da Sudanawa da Misirawa. Gajere ne, gashin baki kamar tsintsiyar laushi, hannu duk tabon wuta, don aikinsa gasa gurasa a tanderu a wani gidan abinci cikin Maadi. Larabcinsa ya fi nawa lalacewa, shi ya sa muke shiri.

Matarsa na can ƙasarsu da 'ya'yansu, duk maza. Amma in ka tambaye shi 'ya mace, sai ya ce yana da guda, ya nuna maka wani tsiro cikin tukunyar ƙasa a bakin ƙofarsa. Wai sunanta Tulsi. Ranar da na fara sunsuna ganyen na ce, "Malam Dina, wannan ai ɗoɗɗoya ce! A garinmu bakin rijiya take fitowa, ko akuya ba ta kula ta." Bai ji haushi ba. Ya ce irin daga tsakar gidan marigayiya mahaifiyarsa ya ƙullo shi a hankici. Tun ranar na raɗa masa Baban Ɗoɗɗoya.

Su Hindu suna da wani wata mai alfarma da suke kira Kartik, lokacin da sanyin Alƙahira ke fara leƙowa. In ya kama, Dinanat sai ya zama wani mutum. Kafin ladan ya kira asuba ya sheƙa ruwan sanyi, kana jin haƙoransa daga hawa na uku. Ba nama, ba albasa, ba tafarnuwa. Na taɓa miƙa masa dambun nama don tsokana, ya haɗa tafin hannu ya ja da baya kamar na miƙo kunama. Da magariba ya kunna 'yar fitilar ƙasa da man shanu a gaban tsiron, ya zagaya shi yana waƙa ƙasa-ƙasa. A 2014, da wuta ke yawan ɗaukewa, da hasken fitilar nan muke kwashe shanya.

A shekarar ne ya gaya mini babban burinsa. Wai wajen ƙarshen watan ana ɗaura wa Tulsi aure, kuma wanda bai haifi mace ba, in ya aurar da ita, kamar ya aurar da 'yar cikinsa ne. Mahaifiyarsa ta roƙe shi ya yi ko sau ɗaya. Sai bana tsiron ya yi girman da za a iya.

Ana haka Mahasin ta tare a gidan. Bahausar Sudan ce, mai ƙunshi da gyaran amare, baki kamar rediyon da maɓallinsa ya ɓace. Mura ta kama ta, ta hau shanya, ta ga ɗoɗɗoya ta yi lif-lif ba mai tsaro. Ta tsige ta tas, ta dafa shayi. Har ta aiko mini da kofi, Allah Ya taimake ni ban sha ba.

Da Dinanat ya dawo, ba ihu, ba zagi. Zama ya yi dirshan gaban 'yan tsinke, fitila a hannu bai kunna ba. Na sauka na jawo Mahasin.

"Ke 'yar nan, kin san abin da kika sha? Amarya kika dafa!"

"Wace amarya kuma, Yaya? Ganye ne fa!"

Da ta ji bayani sai ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Ammu Dina, gobe in sayo maka raihan, ɗoɗɗoyar Misirawa, a kasuwa, wanda ya fi wannan ma."

Ya girgiza kai. "In 'yarki ta yi ciwo, wata kike sayowa?"

 Mahasin ta gyara mayafi ta ce, "Khalas, shi ke nan. Ni na lalata amarya, ni zan gyara. Na gyara waɗanda suka fi ta ramewa."

Ta kuwa ɗauki abin da gaske. Ta kafa wa tukunyar rumfa da tsohon mayafinta saboda iska. Ta samo kashin tattabaru wajen mai gadi don taki. Ta so ta turara ta da durot kamar amaren Sudan, da ƙyar muka riƙe ta. Ja'afar, ɗalibin Azhar da ke hawa na biyu, ya ce shi ba ruwansa da ibadar mutumin, amma haƙƙin maƙwabci wajibi ne, ya riƙa hawo da bokitin ruwa in famfo ya ƙi. Kullum Dinanat na durƙushe yana leƙen tsinke, ni kuma ina bayansa ina tambaya ko amarya ta fara kumatu.

Ana saura kaɗan biki sai ga 'yan toho, ƙanana kamar kunnen ɓera. Ya kira mu mu gani, ka ce haihuwa aka yi.

Ran biki ya je wajen mai matse rake ya sayo sandunan rake, ya haɗa rumfa. Mahasin ta zana wa tukunyar ƙunshi, ta naɗa mata jan ƙyalle mai ƙyalli, ta rataya 'yan warwaro. Ango kuwa wani ɗan baƙin dutse ne mai santsi da ya fito da shi daga akwati da girmamawa, wai shi ke wakiltar abin bautarsu. Mu muka koma gefe wajen tankuna, shi ya yi addu'o'insa, ya ɗaura zare tsakanin su biyun, hawaye na bin gashin baki.

Mahasin ta kasa haƙuri, ta rangaɗa guɗa. Nan da nan matan Misirawa suka hawo da gudu, Ummu Samah matar mai gadi a gaba da tiren sharbat, tana ta "Mabruk! Ina amaryar?"

Dinanat ya share ido, ya nuna tukunya.

Ummu Samah ta dubi ganye, ta dube mu, ta sake duban ganye. Sannan ta ce, "To, siririya ce, amma gidan miji zai cika ta," ta fara miƙa wa uban amarya kofi.