Fassarar Habu Kyaftin

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Habu Kyaftin makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Doha. Mu shida ne muke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Fereej Abdel Aziz, kan gadajen ƙarfe masu hawa biyu. Yau a cikinmu ni kaɗai na rage a ƙasar nan, ni ma gwiwa ta fara yi mini gardama, aikin gadi kuwa ba ya yiwuwa a zaune. Bayan Babbar Sallah zan tattara komatsaina in koma Gusau. Tun da na yanke wannan shawara abu ɗaya ya tsaya mini a rai: idan na tafi, wa zai riƙa zuwa kabarin Habu?

Habu mutumin Funtuwa ne, direban bas ɗin da ke kai ma'aikata tsohon filin jirgi. Bai taɓa tuƙa abin da ya ɗaga daga ƙasa ba. Sunan Kyaftin ya samo shi ne daga wani tsohon shirin talabijin na Turawa, labarin wasu mutane da ke yawo tsakanin taurari cikin wani ƙaton jirgi. Yana yaro ya fara ganinsa ta tagar maƙwabta, a akwatin da ba ya nuna launi. Da ya tarar da faya-fayan shirin a wani shagon kayan gwanjo a nan, haka ya rungumo su zuwa ɗaki kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Gaskiya shirin ba wani abin a zo a gani ba ne. Bangon jirgin kana gani ka san kwali ne, halittun wasu duniyoyin kuwa mutane ne aka liƙa wa roba a fuska. Abin da ya riƙe mu Habu ne. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci an share farantin shinkafa, sai ya rage sautin ya tsaya gefen akwatin yana fassara mana da Hausa. Shugaban ya zama Sarkin Jirgi, likitan ya zama Na-Allura, mai gyaran inji kuwa Ɗanjuma Bakanike, wanda kullum a bakin Habu yake kukan an hana shi kayan gyara na asali. Har wani ɗan Nepal da ke ɗakin kusa da mu yakan leƙo, ba ya jin ko "sannu", amma in mun yi dariya ya fi mu ƙyaƙyatawa.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga Doha ta yau. Bai ga buɗe sabon filin jirgin Hamad ba. Bai ga jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin gari ba direba ba, wanda na tabbata da sai ya zauna kujerar gaba ya yi ta ƙorafin an ci amanar sana'a. Abin da Sarkin Jirgi ke yi muna cewa ƙaryar Turawa ce, wato ya yi magana da mutum yana kallon fuskarsa daga nesa, yanzu shi nake yi da jikokina kowane mako. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Sai dai ɗakunan samarinmu na yanzu shiru suke ranar Juma'a, kowa ya kwanta da wayarsa ya toshe kunne, shida na kallon abu shida. Wannan kam na san ba zai yi wa Habu daɗi ba.

Akwai Juma'ar da ba na mantawa. A cikin shirin wani ƙaramin ma'aikacin jirgin ya mutu. Aka sa shi cikin dogon akwati, aka lulluɓe da tuta, Sarkin Jirgi ya yi 'yar magana, aka buɗe wata ƙofa aka tura akwatin cikin duhun sama. Malam Tukur, dattijon ɗakinmu kuma limaminmu, ya miƙe tsaye.

"Innalillahi! Jefar da shi suka yi? Ba wanka, ba sallah, ba rami? Habu, kashe abin nan, khalas, ya isa haka!"

Habu ya tsayar da faifan. "Haba Malam, zauna mana. Ba ka ji abin da Sarkin Jirgi ya ce ba ne. Cewa ya yi gida ya yi nisa, ba za su yi ta jan gawa wata da watanni ba, ƙasa kuwa duk ta Allah ce. Sun aika shi ƙasa mafi kusa a rufe shi, kuma duk ran da jirgin ya biyo ta wurin sai sun tsaya sun gaishe shi. Ya ce wanda ya mutu a tafiya, abokan tafiya ne danginsa."

Malam Tukur ya koma ya zauna, ya ce ashe dai suna da hankali. Kafin Habu ya saki faifan ya juyo ya dube mu, ya ce shi ma in tasa ta zo a nan, kada mu bari a ajiye shi cikin firji ana jiran takardu da sa hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki. Mu rufe shi a nan, mu riƙa leƙa shi. Muka ce masa ya daina yi wa kansa baki.

Ba a rufa shekara ba tasa ta zo. Ya sauke ma'aikatan safe, ya ajiye bas, ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Iyalinsa sun so a kai musu shi gida, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Malam Tukur ne ya yi musu bayanin wasiyyarsa ta waya, suka haƙura, haƙurin da bai kai zuci ba. Mu muka yi masa wanka, muka sallace shi, muka sa shi a ƙasa. Daga nan duk Juma'ar da aka samu hutu sai mu je, mu shiga bas mu ƙarasa da ƙafa. Sannu a hankali aka watse, wannan kwantiraginsa ya ƙare, wancan ya samu aiki a wata ƙasa, Malam Tukur ya koma gida shi ma Allah ya karɓi abinsa. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa ta koma tawa ni kaɗai.

Bara babban ɗan Habu, Mustapha, ya zo Doha karatun digiri na biyu a fannin injiniya. Yana ɗan shekara goma sha biyu uban ya rasu, kuma ya tashi da maganar nan a ransa cewa an bar babansa a wata ƙasa. Mutum ne mai ladabi, yakan neme ni mu sha shayin karak a unguwar Al Muntazah, amma da na ɗauko zancen maƙabarta sai ya sunkuyar da kai. Sau ɗaya ya amsa mini. Ya ce, "Baba Lawal, in na je me zan gani? Lamba ce kawai a jikin dutse." Ban sake matsa masa ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Kwanakin baya muna zaune a wurin shayin na ba shi labarin waccan Juma'ar, don ya san ba mu muka yanke wa ubansa hukunci ba. Ya zaro waya, kafin shayina ya huce ya nemo shirin, har da wancan kashin. Faya-fayan Habu sun daɗe da lalacewa, rabona da ganin jirgin kwalin nan tun yana raye. Muka haɗa kai muna kallo. Aka kawo akwatin, Sarkin Jirgi ya yi magana, aka tura. Mustapha ya mayar baya ya sake saurare, sannan ya ɗago.

"Baba, babu wannan maganar fa. Sunan mutumin kawai ya faɗa, ya ce ma'aikaci ne nagari. Ba zancen wata ƙasa, ba zancen dawowa. Sun sake shi ne sun yi gaba."

Dariya ce ta fara zo mini, har mai shayin ya waiwayo. Shekara goma sha biyu ina cin rana a hanyar maƙabarta bisa umarnin Sarkin Jirgin da bai taɓa ba da umarnin ba! Kuma ba wai Turancin ne ya fi ƙarfin Habu ba, mutumin da ke yini yana cacar baki da fasinjoji 'yan ƙasa goma. Ya ji sarai. Ya dubi fuskokinmu ne, mu shida da muka baro gida ba wanda ya san inda tasa za ta riske shi, ya ga abin da Turawan suka yi ba zai karɓu a ɗakin nan ba, sai ya gyara musu. Da dariyar ta lafa sai na ji idona ya cika, don ranar ce na fi jin kewarsa tun da muka rufe shi.

Mustapha bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa. Can ya ce, "Wato maganar babana ce, ba tasu ba." Na ce ƙwarai. Ya ce, "Wace bas ake shiga?"

Juma'ar da ta biyo muka je tare. Na nuna masa layin, na nuna masa lambar. Ya tsuguna ya daɗe, ni kuwa na ja gefe na ba shi wuri. Da za mu tafi ya sa alamar wurin a wayarsa, na ce masa mu da ƙafa muka haddace, ya ce shi ma zai haddace.

An ce shirin nan ya sa yara da yawa a duniya sha'awar kimiyya, kuma wasu na'urorin da aka yi mafarkinsu a ciki yau suna aljihun kowa. Wannan masana su za su auna. Ni abin da na sani, a ɗaki ɗaya na Fereej Abdel Aziz abin da ya bari shi ne 'yan kalmomin da ba su ma cikinsa. Habu bai bar gida a Doha ba, bas ɗinsa wani aka ba tun kafin a yi sadakar uku, amma ya bar wa mutum biyar aikin da suka riƙe har ya kai hannun ɗansa.

Juma'ar da ta wuce gwiwa ta hana ni fita. Bayan la'asar waya ta yi ƙara, Mustapha ne, ina jin iska tana kaɗawa a bayansa. Ya ce, "Baba, na biyo ta wurin. Na tsaya na gaishe shi."

Yanzu zan iya ɗaure kayana. Allah ya haskaka kabarinka, Kyaftin, ya yafe maka har da fassarar.