Ƙwayar Hana Tsufa a Ranar Gayya

Shekarun baya, can tsakiyar shekarun casa'in, furfura ta fara leƙo mini a gemu, samarin unguwarmu a Madarumfa suka fara ce mini Baba. Abin bai yi mini daɗi ba. A wurinmu duk wanda aka fara kira haka, an kusa karɓe masa hauya a gayya, a tura shi inuwa wurin dattawa. Ni kuwa tun ina saurayi da sunana makaɗa ke buɗe kiɗin noma.

Abokina direban kamyo ne, babbar motar kaya, Kwatano yake zuwa. Wata rana ya kawo mini ƴar kwalba, ya ce, "Melatonin sunanta. Turawa sun haukace a kanta, wai tsufa take tsayarwa." Na ce yaushe ake sha? Ya ce, "Kai ma dai! Maganin ƙarfi ai da safe ne." Rubutun jikin kwalbar kuwa, da ni da shi duk zane muke gani.

Ranar gayyar surukina a Safo na kora ƙwayar da kunu tun da sassafe. Har na ƙara a kan yadda abokina ya ce, tunda nawa tsufan ya ɗan yi nisa.

Layin farko na tsere wa kowa. A na biyu hauya ta yi nauyi, kiɗa ya koma kamar daga hayin tafki ake yin sa. Na ce bari in sha ruwa a gindin tsamiya. Farkawar da zan yi, an gama gona, dattawa kewaye da ni suna shan fura, wani har ya tada mini kai da rawaninsa.

Surukina ya miƙo mini ludayi, ya ce, "Sannu da zuwa. Mu ma haka muka fara."

Daga baya na kai wa majo, babban ma'aikacin gidan likitan garinmu, kwalbar. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ta barci ce, in za a kwanta ake sha. Zancen tsufa kuma, a kan ɓeraye aka gwada." Na ce Allah ya ba ɓeraye sa'a.

Ban sake riƙe hauya a gayya ba. Ba wanda ya hana ni, kawai in na iso sai a matsa mini a tabarma. Ko ƙwayar na tsayar da tsufa, har yau ban sani ba. Na dai gane mutane ne ke sa wa mutum ranar tsufansa, ni kuwa na rage musu aiki.

Inuwar ma ba laifi. Yanzu ni ke ce wa yara ba su iya noma ba.