Jakin Kawu Ya Yi Shiru

Ina aji uku a jami'a a Gusau, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, na je hutu Kekun Waje. Kawu ya tambaye ni me ake koya mana, na ce damuwar zuciya muke nazari. Washegari da hantsi sai ga shi da jakinsa a ƙofar zaure.

"Kwana huɗu bai yi kuka ba," in ji Kawu. "Yana cin kara, yana ɗaukar kaya, amma shiru. Duba mini shi."

Na ce, "Kawu, mu mutane muke karantawa." Ya ce ai jaki ya fi sauƙi, tunda ba ya ƙarya.

Kunya ta hana ni musu. Na jawo kujera gaban jakin, na yi abin da malamanmu suka koya mana, wato saurare. Maƙwabta suka kewaye mu. Can na tambayi Kawu ko wani abu ya canja a gida. Ashe ya sayar da akuyar da ake ɗaure su tare.

Aka aro akuyar maƙwabci, aka ɗaure ta kusa da jakin. Da la'asar jakin ya ɓarke da kuka. Kafin hutun ya ƙare sai da na duba shanu biyu da wata agwagwa.