Baitin Saje a Waƙar Hajiya Mulikatu

Saddique ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko ya zo shagon ɗinkina a Maamobi ya sa wayarsa caji, ba ya bari ta cika. Bayan minti biyar zai zare ta, ya duba, ya mayar, ya fita bakin titi, ya dawo. Abu ɗaya yake dubawa: mutum nawa suka kalli bidiyon da ya ɗora da safe.

Mawaƙin biki ne, ɗan Nima, shekarunsa talatin da ɗaya. Uwarsa Sanatu tana sayar da wake da shinkafa, ubansa kuwa direban motar haya ta torotoro ne a hanyar unguwar Malam har ya rasu. Waƙa a wurin Baba Issah na Kotobabi ya koye ta, wani tsohon makaɗin kalangu da ba ya yi wa gida waƙa sai ya je tun kafin biki ya zauna da tsofaffin matan gidan, ya sha kokonsu, ya ji daga ina kakanninsu suka zo. A Zongo wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A lungu ɗaya za ka sami Zabarmawa da Kotokoli da Wangara da jikokin sojoji da 'yan sandan zamanin Turawa, duk Hausa suke yi, amma kowa da asalinsa.

Da Baba Issah ya rasu, Saddique ya koma kan waya. Yana ɗaukar waƙa a wani ƙaramin situdiyo a Kokomlemle, ya yanko minti ɗaya ya ɗora a TikTok, ya bi rukunonin WhatsApp yana roƙon a tura gaba. Sannu a hankali 'yan Zongo da ke Jamus da Amurka suka fara aiko masa da saƙon murya: a yi wa ƙanwata waƙar aure, a yi wa ɗana ta suna. Wani satin waƙa uku yake yi. Zaman shan koko ya bar shi, babu lokaci. Amma bukukuwan gida su ne ginshiƙinsa, kuma yawancinsu ta hannun Hajiya Mulikatu suke zuwa, shugabar ƙungiyar matan unguwarmu. In ta ce a kira wane, shi ake kira.

Bara Hajiyar ta dawo daga aikin Hajji. Ɗanta Rauf da ke Hamburg ya turo wa Saddique sunanta da hotuna uku, ya ce yana son waƙar tarba cikin kwana biyu. Saddique ya tambaye shi asalin gidansu, Rauf ya ce, "Cale, abokina, mu dai 'yan Nima ne, sa abin da ya yi daɗi." Sai Saddique ya ɗauko wani baiti da ya taɓa yi wa wasu jikokin ɗan sanda, "ɗiyar saje mai jar hula", ya ga ya hau kiɗan daidai, ya saka.

Waƙar ta kama. A shekara shida da ya yi yana ɗora bidiyo, babu wanda ya wuce kallo dubu biyu. Wannan cikin kwana huɗu ya haura dubu tamanin. 'Yan mata a Kumasi suna rawa da baitin sajen, wani mai shirya wasa ya rubuto masa yana tambayar lambarsa. Ranar nan Saddique ya zagaye tebirin yankana ya fi sau ashirin.

A rana ta biyar Rahinatu, 'yar Hajiya, ta tsaya a ƙofar shagon. Ta gaishe ni, sannan ta dube shi.

"Mai waƙa, Mma ta ce a gaishe ka. Ta ce ba ta san ta canza uba a Makka ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Anti, baiti ne kawai. Ki ga mutanen da suka kalla."

"Sun kalla. Jiya a kasuwa wata ta kira ta ɗiyar saje. Bikin ƙanwata Zuwera na wata mai zuwa, Mma ta ce a dakata da maganarka tukuna."

Ta tafi. Ya zauna, karo na farko da na ga ya zauna, amma ƙafarsa ba ta daina kaɗawa ba. Ya ce in ya goge bidiyon, lissafin masu kallo ya tafi ke nan, mai shirya wasan zai duba ya ga babu komai. In kuma ya bar shi, Nima da Maamobi sun rufe masa ƙofa. Ya yi ta faɗin haka ta fuska daban-daban har la'asar, ina ɗinki ina ji. Daga ƙarshe na tambaye shi ko ya san wane ne uban Hajiyar. Ya ce bai sani ba.

Washegari da hantsi ya ja ni muka je. Hajiya Mulikatu tana tsakar gida a kan kujerar roba, ta amsa gaisuwarmu, ta sa aka kawo koko da ƙosai.

"Ajiye wayar nan, ɗana. Hannunka ba zai faɗi ba."

Ya kifa ta a tabarma. Ta ba shi labarin ubanta, Alhaji Husseini, falken goro da ya sauko daga Salaga. Yana saurayi 'yan sandan Turawa suka ƙwace masa kaya a hanya, suka kulle shi kwana tara a kan laifin da bai yi ba. Tun daga nan har ya koma ga Allah, mai kaki bai taɓa zama a zaurensa ba.

"Jikokin saje mutanen kirki ne, maƙwabtana ne," in ji ta. "Amma ni ba tasu ba ce. Issah ya san wannan. A nan ya zauna, inda kake zaune."

Saddique ya tambayi sunan kakarta, da garuruwan da ubanta ya yada zango, da irin goron da yake kawowa. Sai azahar muka fito. A bakin lungu ya tsaya, ya buɗe bidiyon, ya daɗe yana kallon lambar da ke ƙasa, sannan ya goge.

Sabuwar waƙar ta ɗauke shi mako guda. Ta fi tsayi, akwai Salaga a ciki, da farin goro, da kwana taran nan. Mutum ɗari tara suka kalla. Mai shirya wasan bai sake rubutowa ba. Tsohon baitin kuwa har yanzu yana yawo a wayoyin da suka sauke shi, ba shi da yadda zai yi da wannan.

Shi ya yi waƙa a bikin Zuwera. Da ya kai baitin Alhaji Husseini, Hajiya ta miƙe da kanta ta shigo fili, tsofaffin mata suka biyo ta.

Ran Litinin ya dawo shago, ya sa caji, ya zare, ya duba. Wata mata a Bronx ta Amurka tana son waƙar suna zuwa jibi.

"Na ce mata ta ba ni lambar gwaggonta a Kotobabi," in ji shi. "Ta ce ba ta da lokacin wannan, za ta nemi wani."

Ya fita bakin titi, ya dawo, ya sake duba wayar ko ta canza shawara.