"To" Ɗin da Ya Kuɓuce wa Ikilima

A unguwar Ɗan Iya, in ka ce kana neman gidan su Ikilima Bakari sai an tsaya tunani, amma kana cewa gidan su Giranmasta ko mai keke ya san lungun. Sunan tsokana ne, domin ba ta ko kama hanyar wannan matsayi na manyan gwanayen darar Turawa ba tukuna. Ita dai ba ta taɓa ɗaukarsa wasa ba.

Auta ce a gidan wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Tana aji biyu na sakandare malamarsu ta lissafi, Madam Juliana, ta ajiye mata allon ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki. Kafin ƙarshen zango malamar ta daina iya cin ta. Mahaifiyarta, Dada, har yau ba ta gane kan abin ba. "Mutum ya zauna awa huɗu yana harar katako, wai gasa yake yi," in ji ta, amma duk da haka ita ke zuba mata zoɓo a gora ranar wasa.

Yanzu shekarunta goma sha tara, tana karatu a jami'a can Gubi, kuma sakamakonta na bara bai yi wa mahaifinta Malam Bakari daɗi ba. Ya kira ta ya yanke magana: gasar jiha ta bana ita ce ta ƙarshe. Mutum ɗaya za a zaɓa ya tafi gasar ƙasa a Legas. In ita ce, ya sa mata albarka, in kuwa ba ita ba ce, a naɗe allo a kama littafi. Tun ranar abinci ya daina yi mata ɗanɗano.

Kwana uku ana fafatawa a zauren wata makaranta, har aka zo zagayen ƙarshe. Lissafin a fili yake. In ta ci, kujerar tata ce. In aka yi canjaras, ta wani saurayi ce, Hafizu, wanda ya gama nasa wasan ya zo ya tsaya a bayanta yana taunar murfin biro.

Abokin karawarta Baba Andrawus ne, tsohon malamin makaranta mai furfura, wanda ya girmi mahaifinta. Ba ya neman zuwa ko'ina, amma ya tsani a ci shi kamar yadda ya tsani shayi ba sukari.

Awa uku suna abu ɗaya. Agogon wasa ya nuna saura mata minti shida, fankar sama kuma ta tsaya tun da aka ɗauke wuta. Tana jin akwai wani abu a allon nan, wata hanya da dokinta zai bi, amma tsoro ya hana idonta gani.

Sai Baba Andrawus ya tura sojansa ɗaya gaba, ya cire tabarau, ya ce a hankali, "'Yata, mun gaji. Mu raba makin nan."

"To, Baba," in ji Ikilima.

Wallahi ba amincewa take nufi ba. "To" ɗin nan ne da duk 'yar gidan mutunci ke yi in babba ya yi magana, kafin ma ta ji abin da ya ce. Niyyarta ta ɗora da "bari in duba". Amma da yake ba ta musabaha da maza, alhali da musabaha ake ƙulla canjaras, tun farkon gasa alƙalin wasa, Prosper, ya ce kalmar bakinta ce hannunta. Yana tsaye a wurin, kuma ya ji. Baba Andrawus ya riga ya tsayar da agogo.

A lokacin ne ta gani. Da dokinta ya yi tsalle ɗaya, da ya tsare sarki da sarauniya gaba ɗaya, shi ke nan wasa ya ƙare.

"Yallaɓai, ba haka nake nufi ba," ta ce. "Amsa shi kawai na yi."

"Ya yi magana, ka ce to," in ji Prosper da irin tasa Hausar. "Ni me zan rubuta?" Ya miƙa mata takardar sakamako.

Ta juya ga tsohon, tana jiran ya ce a'a, yarinya ce, a ci gaba. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Shi kuwa yana ta jera 'ya'yan wasan cikin akwati, bai ɗago ba. Sai da ta sa hannu, sannan ya ɗauki dokin nata ya juya shi a hannu.

"Tun ɗazu na ga wannan," ya ce. "Shi ya sa na tambaye ki, 'yata. Na san gidan da kika fito."