Masara Shunayya da Sabon Direba

Akwai wata ranar Laraba da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma tunda an tara ku sababbin ma'aikata an ce in gaya muku wani abu kan aikin kwamfuta, da ita zan fara. A lokacin ina mataimakin jami'in kwamfuta a reshen wata ƙungiyar haɗin kan manoma da ke Funtua. Sunan muƙamin kawai ke da mataimaki a ciki, domin babu wani jami'i a samana. In firinta ta cinye takarda, a kira Kabiru. In janareta ya yi tari, a kira Kabiru. Har fanka an taɓa kira na in duba.

Damina ta yi nisa, masara ta kai gwiwa, sai tsutsa ta faɗa wa gonaki. Malamar gonarmu, Hajiya Rakiya, ta yi makonni tana zagaye ƙauyuka tana ɗaukar hotunan ganyen da tsutsar ta huda. Aka sa ranar Laraba manoma za su zo daga Bakori da Dandume da Gozaki, a haska musu hotunan a majigi, su gane tsutsar tun tana ƙarama kafin ta gama da su. Mutum ya bar gonarsa a tsakiyar damina ya hau babur ya zo gari, ba ƙaramin abu ba ne. In aka ɓata masa wunin, ba zai sake amsa gayyatarku ba.

Ana nan sai babban ofis ya aiko da umarni a sabunta manhajar duk kwamfutocin rassa. Ga waɗanda ba su sani ba, ita ce babbar manhajar da komai ke gudana a kanta, kuma sabunta ta kamar sake wa gida rufi ne mutane na ciki. Ka'idar aikin ita ce ka kwafe kayan mai kwamfutar ka adana, ka ɗora sabuwar, ka mayar da kayan, ka gwada. Na yi duk wannan ranar Talata a kan kwamfutar Hajiya. Majigi ne kaɗai ban gwada ba, don an ba reshen Malumfashi aro, sai da safiyar Laraba direbanmu Malam Garba ya dawo da shi.

Ina shiga ofis da safen nan na tarar da Hajiya Rakiya a tsaye a bakin ƙofa, ta rungume jakarta.

"Malam Kabiru, me ka sa wa kwamfutata jiya?"

"Sabuwar manhaja, Hajiya. Lafiya?"

"Zo ka gani da idonka."

Na zauna na kama linzamin kwamfutar na ja taga ɗaya, wato irin akwatin nan da hoto ko rubutu ke buɗewa a ciki. Tagar ta biyo ni tana rawa, tana lanƙwashewa, kamar kafaffen koko a faranti. Na sake ta, ta ci gaba da karkarwa. Ashe wanda ya haɗa manhajar a babban ofis mutum ne mai son ado, ya kunna duk wani kwalliya da ke cikinta. Jiya ban gani ba saboda kwalliyar ba ta tashi sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa.

"Wannan ai wasa ne," in ji Hajiya. "Rufe ɗaya ka gani."

Na rufe. Tagar ta kama da wuta daga ƙasa, ta ci bal-bal, ta zama hayaƙi ta ɓace.

"Ka gani ko? Hoton gonar Bakori ke nan ya ƙone. Tun da na ga na farko ya tafi ban sake rufe komai ba."

Gaskiya ta faɗa. Tagogi ne jibge a fuskar kwamfutar, wata kan wata, duk suna rawa, kwamfutar kuma tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin taki. Na buɗe mata hoton gonar Bakori, ga shi nan lafiya lau. Ta matso ta leƙa, har da shinshinawa kaɗan, sannan ta yarda ta zauna.

Na shiga wurin saituna zan kashe kwalliyar, sai ga manajanmu Alhaji Mudi. Alhaji mutumin kirki ne, ba ya riƙo, amma bai taɓa jiran ƙarshen magana ba. Kana tsakiyar jimla ya riga ya yanke hukunci ya fita. Ya ga taga ta ci wuta, ya ce a sake. Na sake. Ya ce a sake. Sai da muka ƙona tagogin Hajiya kaf yana dariya yana buga ƙafa.

"Kar ka kashe wannan! Manoma su ga ƙungiyarsu ta ci gaba."

Na ce to, ranka ya daɗe. Muka ɗauki kwamfuta muka kai zauren taro, inda manoma sun fara cika benci, babura jere a waje duk sun sha laka. Na haɗa majigi, Hajiya ta yi sallama, aka haska shafin farko, wanda hoton Alhaji Mudi ne yana yi wa baƙi maraba.

Fuskar Alhaji ta fito a bango kore shar, kamar ganyen alayyafo. Farar hularsa ta koma ruwan hoda.

Wani daga baya ya ce, "Allah ya ba Alhaji lafiya." Jama'a suka amsa da amin, da gaske kuwa.

Hajiya ta yi sauri ta wuce zuwa hoto na gaba. Gonar masara ce, amma masarar shunayya ce tun daga tushe har kai, sama kuma ruwan goro. Tsutsar da aka tara mutane dominta ta fito shuɗiya, kyakkyawa, kamar abin wuyan yara.

Wani dattijo daga Gozaki, Baba Nomau, ya miƙe da sandarsa. Mutum ne da ake jin maganarsa a harkar noma, in ya ce iri kaza ba shi da kyau, ƙauyensu babu mai shuka shi.

"'Yata, tun ina bin ubana gona nake noman masara, ban taɓa ganin wannan ba. Nawa ne mudun irin?"

"Baba, ba iri ba ne, na'ura ce ta..."

"In na manya ne ku gaya mana. Mun saba. Abu mai kyau ya zo, sai a ɓoye a ba 'yan gari."

Nan fa zaure ya ɗauka. Masu cewa a rubuta sunansu, masu tambaya ko tuwonta ma haka yake fitowa. Na ga idon Hajiya ya kawo ruwa. Wahalar makonni ce take shirin tashi a banza, domin ba yadda za ka koya wa mutum gane tsutsa mai ruwan ƙasa da hoton shuɗiya. Na roƙi a ba ni lokaci, aka fito da shayi da burodin da aka tanada don tashi, aka raba tun ba a fara ba.

Ga yadda ake bin irin wannan matsala, ku riƙe. Ana farawa da abu mafi sauƙi. Na canza wayar da ke haɗa majigi da kwamfuta, don in ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe a bakinta launi yakan gurɓata. Masara tana nan shunayya. Na haɗa majigin da tawa kwamfutar ta hannu, wadda ban sabunta ba, launi ya fito daidai. Ke nan majigi lafiyarsa lau. Na kashe kwalliyar duka, Alhaji yana harara ta. Kwamfuta ta daina nishi, amma launi bai gyaru ba. Saura abu ɗaya: 'yar manhajar nan da ke tsakanin babbar manhaja da sashen da ke zana hoto, wadda mu masu sana'a muke kira direba. Na duba, tsohuwar ce ta zamanin tsohuwar manhaja ta maƙale, ba ta jituwa da sabuwar.

"Me ka gano?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, direba ne matsalar. Ya tsufa, ba ya tafiya da sabon tsari. Sai an cire shi an sa sabo, sannan..."

Kafin in rufe baki Alhaji ya fita. Ni kuwa hankalina na kan aiki, ban kawo komai ba. Na sake tayar da kwamfutar a yanayin lallaɓawa, inda take tashi ba kwalliya ba komai, na cire tsohon direban. Saura in sauko da sabo ta intanet. Sabis ɗin ofis kuwa ranar ya tafi hutu. Na ɗaga wayar salulata ta tagar ofis, na hau kujera, na hau tebur, babu. Na san akwai wani tudu a hanyar Bakori inda sabis ke kamawa sosai, sai na ɗauki kwamfutata na ruga waje neman Malam Garba.

Na same shi zaune a inuwar motar ofis, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Malam Garba ya riga kowa daɗewa a reshen, ga iyali da yawa, ga shi an daɗe ana raɗe-raɗin babban ofis zai rage ma'aikata.

"Malam Garba, taso don Allah, ka kai ni hanyar Bakori in ɗauko sabon direba."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin irin kallon nan ba.

"Kabiru, ni zan kai ka?"

"To wa zai kai ni? Sauri nake, mutane na jira."

"Ranar da ka zo garin nan da akwatinka, wa ya ɗauko ka a tasha? Da matarka ta tashi haihuwa, wa ya kai ta asibiti? Yau ka ce wa Alhaji na tsufa, ba na tafiya da zamani, na ɓata majigi. Bai ishe ka ba, sai ni zan tuƙa ka ka ɗauko wanda zai gaje ni?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ashe Alhaji da ya fita, wajen Malam Garba ya nufa, ya ce masa masanin kwamfuta ya tabbatar shi ne matsalar, ya shirya miƙa makulli in an tashi taro. Dariya ta taso mini, na danne, don mutumin da gaske yake.

"Baba Garba, wallahi ba kai ba ne. Shiga mota, a hanya zan yi maka bayani."

"Ba za ni ba."

"In muka je ka ga mutum, ka bar ni can ka dawo."

Da wannan sharaɗin ya tayar da mota. A hanya na ce masa abin nan kamar tafinta ne, yana tsakanin masu yare biyu. Tsohon tafintan bai iya sabon yaren ba, in aka ce masa kore sai ya faɗa shunayya. Muka isa tudun, babu kowa sai awaki. Na ɗora waya a kan rufin mota, na haɗa ta da kwamfuta, layin saukowa ya fara tafiya a hankali. Malam Garba ya zagaya motar, ya leƙa bayan wata bishiyar ɗorawa, ya dawo.

"Ina yake?"

Na nuna masa layin da ke cika a fuskar kwamfuta. "Ga shi nan yana shigowa."

Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "Wannan ne direban?"

"Shi ne."

"Yana da lasin?"

Nan na kasa riƙe dariya. Shi ma ya fashe, har ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hularsa. Da muka juyo kuwa, ban taɓa sanin motar nan tana da irin wannan gudun ba.

Na sa wa kwamfutar Hajiya sabon direba, na sake kunna ta, na haɗa majigi. Fuskar Alhaji ta dawo irin ta mutane, wani ya ce, "Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi." Masara ta fito kore. Baba Nomau ya yi tsaki ya ce wannan ai irin tasa ce. Amma da Hajiya ta haska tsutsar da launinta na gaskiya, ga hujin ganye, ga kashinta kamar garin katako a cikin zuciyar masarar, sai dattijon ya tashi ya matsa har gaban bango.

"Wannan tana gonata," ya ce. "Na ɗauka fara ce ke yi mini ɓarna."

Daga nan babu wanda ya sake dariya. Hajiya ta nuna musu inda take ɓuya, da lokacin da ya dace a yi feshi, da sassafe ko da yamma in ta fito ci. Tambayoyi suka yi ta zuwa har la'asar. Da aka tashi, wasu ko sallama ba su tsaya yi ba, suka hau babura suka nufi gona.

Alhaji Mudi ya kira Malam Garba gaban kowa ya ba shi haƙuri, abin da ya ƙara masa girma a idona. Sannan ya juyo kaina ya ce laifin sana'armu ne da muke satar sunayen mutane muna liƙa wa abin da ba ya ci ba ya sha. Ya kafa doka nan take: a reshen nan direba ɗaya ne, kuma yana da hula.

Abin da na ɗauka daga ranar, na farko na sana'a ne. In kun sabunta kwamfuta, ku kashe ta ku kunna, ku haɗa ta da duk abin da za ta yi aiki da shi, ko da sai kun bi shi wani gari. Ku fara bincike daga wayar da ke haɗa na'urorin kafin ku zargi abin da ba ku gani. Na biyun ya fi wannan nauyi. Kalmomin da muke jefawa a tsakaninmu ba tare da tunani ba, a kunnen wani suna iya zama abincin 'ya'yansa. Na'ura in ta rikice, za ta jira ku har ku gyara ta. Mutumin da ke tsaye a bayanku yana saurare ba zai jira ba. Saboda haka kafin ku buɗe baki ku faɗi abin da ya lalace, ku waiwaya ku ga wa ke ɗakin.