Dawar da ta kashe Baba, wa ya buɗe mata sito?

Ku da kuka rayu a 'Yankuzo a shekarar da shugaban soja ya mutu, kun tuna dawar nan mai arha da ta cika kasuwa tsakiyar damina? Kun taɓa tambayar daga ina ta fito?

Na daɗe ina shiru. Yau na gaji.

Shekarar ta fara mini da daɗi. Na auri Rabi, na sayi rediyo, ina karanta tsofaffin jaridun da ake naɗe ƙosai da su, don ni da kaina na koya wa kaina boko. Sai man fetur ya ɓace. Irin shuka na dawa da aka yi wa manoma alkawari bai iso ba sai da kowa ya gama shuka, aka kulle shi a sito. Rumbunmu ya ƙare, Baba ya auno dawa mai arha.

Rabi ta yi tuwo. Ni da Baba muka ci, ita ba ta taɓa ba.

Kafin la'asar yawu yana zuba daga bakina, ga amai, ga gumi, idona yana gani dishi-dishi. A amalanke aka kai mu Tsafe don babu mota. Daga nan kawuna ya samo mota, ya sayi man 'yan bumburutu muka kama hanyar Gusau.

Baba bai kai Gusau ba.

A asibiti suka zura mini roba ta hanci suka wanke cikina. Ƙarin ruwa, allura kan allura, ɗibar jini kullum da safe. Komai sai ka sayo, har audugar goge wurin allura. Sanmu na huɗa aka sayar. Duk wanda aka lulluɓe a gadon kusa da ni, sai in ce saura ni.

Ina kwance, gari yana magana. Wai amarya ta dafa, ta ƙi ci. Abin da ba su sani ba, laulayi take yi, kuma cikin fari ne. Wace amarya ce za ta faɗi haka a gaban dangin miji? Ta zaɓi zagi a kan ta buɗe baki.

A asibitin, wata nas mutuniyar kudu ce ta zaunar da Rabi ta tambaye ta yadda ta yi aikin dawar. Rabi ta ce da ta wanke, ruwan ya yi ja, ta ɗauka jar dawa ce aka gauraya.

Likita ya ce, "Wannan iri ne na shuka, da magani a jikinsa. Wani ya wanke ya shanya ya sayar muku."

Na faɗa a gari. Aka ce ina kare matata ne, in bar wa Allah. Waɗanda suka yi amai a wasu gidaje suka ce ruwan rijiya ne. Wa ya rufe musu baki?

Na warke a hankali. Hannuna ya daɗe yana rawa, Rabi ce ke riƙe mini jarida in karanta. Ta haifi namiji, muka mayar da sunan Baba. Na gode wa Allah, na gode wa kawuna da nas ɗin nan.

Shawarata: hatsin da ruwan wankinsa ya sauya launi ko yake warin magani, ku zubar, ko kaji kada ku ba. Wanda ya fara zubar da yawu bayan cin abinci, asibiti kai tsaye, ku tafi da ragowar abincin.

Makon jiya a wurin suna wata tsohuwa ta ƙi karɓar abinci daga hannun Rabi. Har yau.

To kai da makullin siton nan yake aljihunka, na san kana raye, na san 'ya'yanka suna karanta ni. Ba diyya nake nema ba. Ka fito nan, inda kowa zai gani, ka faɗa: ina irin ya tafi?